Yadda Ake Farautar Kurciya a Texas, Daga Yankan Lasisi Zuwa Gashi

Duk shekara da watan Agusta ya raba, sai tambayoyi su fara shigowa daga 'yan uwa mazauna Houston da Dallas da San Antonio. Abokan aiki sun gayyace ni harbin kurciya ranar 1 ga Satumba, me zan tanada, nawa zan kashe, naman kuma ya halatta? Wasu ma da dariya suke farawa, wai magidanta da gemunsu za su ɗauki hutun aiki saboda tsuntsun da yara ke bi da danƙo a bayan gari. To a Texas abin ba na yara ba ne. Ranar kurciya ce ke buɗe kakar farauta baki ɗaya, uba da ɗa da kaka sukan fita tare, a jera motoci a bakin gona, a yi harbi, a yi wa wanda ya kuskure tsiya, da yamma a kunna gawayi. Wanda aka gayyata wannan fita an ɗauke shi ɗan gida ne, bai kamata ya ƙi ba. Sai dai harbin shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Abin da ke jefa baƙo cikin matsala takarda ce da dokar gona, shi ya sa zan fi daɗewa a kansu.

1. Fara duba matsayin takardunka

Kafin ka taɓa bindiga ko ta aro ce, ka san a wane matsayi kake zaune a ƙasar. Ɗan ƙasa da mai takardar zama na dindindin, dokar tarayya ba ta bambanta su a nan ba. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta aiki ko ta ziyara kuwa, asalin doka ta hana shi riƙe bindiga da harsashi, sai da wasu sharuɗɗa, kuma mafi sauƙinsu shi ne ya mallaki lasisin farauta mai aiki wanda wata jiha ta ba shi. Ma'ana, lasisi tukuna, bindiga daga baya. Wanda ba shi da takardar zama kwata-kwata, babu wani lasisi da zai halatta masa.

Hattara: lasisin Texas yana mutuwa ranar 31 ga Agusta ko da a watan Yuli ka yanke shi. Mai biza da ya ajiye bindiga a gida lasisinsa ya ƙare ya shiga laifin tarayya yana kwance a kan gadonsa. Idan kana da shakka kan matsayinka, kuɗin ganin lauyan shige da fice bai kai kuɗin gyaran ɓarna ba.

2. Darasin mafarauta

Duk wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1971 zuwa yau, dole ya yi darasin kiyaye haɗarin farauta. Kuɗin shedar dala 15 ne, ɗan shekara 17 zuwa sama yana iya yin sa ta intanet, ko da yake masu shafukan suna ɗora nasu kuɗin a kai. Idan lokaci ya ƙure maka, akwai takardar jinkiri ta dala 10 da ake bayarwa sau ɗaya a rayuwa, bisa sharaɗin kana tare da mafarauci mai lasisi wanda ya yi darasin ko shekarunsa suka ɗauke masa, kuma kusa da shi yadda zai yi magana ka ji. Ni dai shawarata ka yi darasin. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma shedar ba ta ƙarewa, sauran jihohi ma suna karɓarta.

3. Lasisi da abin da ake liƙa masa

Hukumar Texas Parks and Wildlife ce ke bayarwa, ana fara sayar da na sabuwar shekara daga 15 ga Agusta, ta intanet ko a shagunan kayan wasanni da manyan kantuna. Abu uku kake nema, kuma na ukun ne ake yawan mantawa.

Na farko lasisin kansa: dala 25 ga mazaunin jihar, wato wanda ya yi fiye da wata shida a jere yana zaune a cikinta. Yaro ɗan ƙasa da shekara 17, dala 7. Wanda ya zo daga wata jiha don 'yan kwanaki, akwai na kwana biyar a kan dala 48, ya ishe shi kurciya. Na biyu tambarin tsuntsaye masu ƙaura, sunansa a takarda Migratory Game Bird Endorsement, dala 7. Na uku rajistar HIP, kyauta ce, 'yan tambayoyi ne kan ko ka yi farautar tsuntsaye bara da nawa ka samu. Mazaunin jihar da kuma yake kamun kifi, ya ɗauki lasisin haɗaka na Super Combo na dala 68, tambarin yana ciki. Farashin nan ya daɗe a haka, amma ka duba na shekarar da kake ciki.

Hattara: mai sayarwa a kanti yakan tsallake tambayoyin HIP don layi ya ragu. Kada ka bar gaban teburin sai ka ga an rubuta a jikin lasisin cewa an yi maka. Jami'in gandun daji ba zai tambayi mai kanti ba, kai zai rubuta wa tara.

4. Yanki da ranaku

An raba jihar gida uku: Arewa, Tsakiya da Kudu. Dokar tarayya ba ta yarda a buɗe kafin 1 ga Satumba ba, kuma yankin Arewa da na Tsakiya a ranar suke buɗewa. Yankin Kudu ya saba da nasa tsarin daban, a shekarun baya an riƙa jinkirta cikakkiyar buɗewarsa zuwa tsakiyar wata tare da ware wasu ranaku na harbin yamma kawai. Kakar kan zo kashi biyu, na kaka da na hunturu, jimilla kwana 90. Ranakun suna motsawa kowace shekara, don haka littafin dokoki na Outdoor Annual, wanda yake kyauta a takarda da a waya, shi ne alƙali, ba abokin aikinka da ya ce ai bara haka aka yi ba.

Hattara, mutanen Houston musamman: babbar hanyar I-10 ita ce iyaka a wajenku. Arewa da titin yankin Tsakiya ne, kudu da shi yankin Kudu. Gonaki biyu na iya kallon juna, ɗaya a buɗe ɗaya a rufe.

Lokacin harbi daga rabin sa'a kafin fitowar rana ne zuwa faɗuwarta. Sallar asuba a bakin gona za ta same ka, ka tafi da darduma da ruwan alwala. Da rana ta faɗi an rufe, ko da tsuntsaye na zuba a kanka.

5. Samun gona

Kusan kashi 95 cikin 100 na ƙasar Texas mallakar mutane ce, babu dajin Allah da za ka kutsa kawai. Shiga gonar wani da bindiga ba izini laifi ne babba. Hanya uku ce. Gayyata, wadda ta fi kowacce daɗi da araha. Biyan kuɗin yini ga masu shirya farauta a wurare irin su Hondo, Uvalde, Coleman da El Campo, inda ake caji kan kowane mutum, yawanci daga wajen dala 100 zuwa sama, ranar buɗewa ta fi tsada kuma tun Yuli ake cike gurabe. Sai takardar Annual Public Hunting ta dala 48, wadda ke buɗe maka filayen hukuma fiye da eka miliyan ɗaya, ciki har da gonakin da hukumar ke haya daga manoma don kurciya. Wannan ta ƙarshe ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi, illa dai filayen da ke kusa da manyan birane suna cika maƙil a makon farko, kuma wasu suna da nasu ƙa'idojin na rajista a ƙofa da irin harsashin da aka yarda da shi.

Gonar da ake nema ita ce ta sanfulawa, ko dawa da masara da aka girbe, ko wadda ke da tafki mai fili a bakinsa. Kurciya ba ta son sauka cikin ciyawa mai tsawo, ƙasa tsirara take so inda za ta ga ƙwaya ta ga abokin gaba.

Hattara, nan ne aka fi kama mutanen kirki. Haramun ne a doka a yi harbi a inda aka watsa hatsi don jawo tsuntsu. Wanda ya taso yana barbaɗa gero a bakin tarko zai ga wannan ai dabara ce, a nan kuwa laifin tarayya ne ƙarƙashin dokar tsuntsaye masu ƙaura ta 1918, tararsa na iya kai dubban daloli. Ko an kwashe hatsin, wurin yana nan a haramce har kwana 10 bayan an kwashe ƙwayar ƙarshe. Abin da aka yarda shi ne amfanin da ya tsiro a gonar: manomi na iya sare sanfulawarsa ko ya bi ta da tarakta ya bar ta a ƙasa. Amma a kawo buhu daga waje a zuba, a'a. Kuma ba sai kai ka zuba ba, ya isa a ce ka sani ko ya kamata ka sani. Saboda haka ka tambayi mai gona kai tsaye, sannan ka taka da ƙafarka ka duba. Ka ga tsibin alkama ko farfasasshiyar masara a gonar da ba ita aka shuka ba, ko tsuntsaye sun dage kan wuri guda babu dalili, mayar da bindigarka mota.

6. Bindiga da harsashi

Bindigar da ke watsa ƙananan ƙwayoyin dalma kaɗai aka yarda da ita, wato shotgun, mai geji (ma'aunin faɗin baki) 12 ko 20 ita ce ta kowa. Mai 20 ta fi sauƙin duka a kafaɗa, ga mata da matasa da duk wanda zai yi harbi da yawa cikin rigar shan iska. Sabuwa mai araha irin Maverick 88 ko Mossberg 500 tana kamawa daga wajen dala 250 zuwa 450. A shekarar farko aro ya fi, in dai takardunka sun ba ka dama. Harsashi mai lamba 7.5 ko 8 za ka saya, kwali ɗaya guda 25 ne, kusan dala 10. Sabon hannu ya ɗauki kwali huɗu kada ya ji kunya. Matsin bakin bindiga kuwa, ka sa mai buɗewa ko matsakaici. Mai matsewa sosai na gwanaye ne, kai zai sa ka yi ta harbin iska.

Hattara: kada bindigar ta iya ɗaukar harsashi fiye da uku gaba ɗaya, ɗaya a ɗaki biyu a rumbu. Akwai ɗan sanda da ake sawa cikin rumbun ya toshe sauran wurin. Ba yawan abin da ka ɗura ake dubawa ba, yawan abin da za ta iya ci ake dubawa. Gwada a gida: in na uku ya shige rumbun, babu toshi. Bindigar aro da wadda aka saya a hannu su suka fi zuwa a haka.

Kafin ranar, je filin koyon harbi inda inji ke cilla faifan yumɓu sama, ka ƙona kwali biyu. Kurciya na iya gudun kilomita 80 a sa'a, ga kaucewa, ba a kanta ake koyon saiti ba.

7. Sauran kaya

Farkon Satumba a Texas zafi na wuce digiri 35, ga gumi. Ruwan sha mai yawa, kula da ƙanƙara, hula, tufa mai launin ƙasa ko ganye, ban da fara. Tabarau na kare ido wajibi ne a wurina, domin ƙwayoyin dalmar wasu za su zubo maka daga sama, da abin toshe kunne. Bokiti mai murfi da ake zama a kai, wuƙa mai kaifi don yanka, takalmi mai rufe ƙwauri saboda macijin nan mai kacau-kacau a wutsiya. Ka duba ƙasa kafin ka zauna, akwai jajayen tururuwa masu cizo da sun fi cinnaka mugunta. Kurciyoyin roba, musamman mai fiffike da batir ke juyawa, suna taimakawa amma ba dole ba ne.

8. San wadda za ka harba

A yini an yarda maka 15, a haɗe. Mafi yawa ita ce mai siririyar wutsiya mai tsini da suke kira mourning dove. Sai white-winged, ta fi ta jiki, da farin zane a fiffike, tana tafiya garke-garke kuma ta fi tashi sama, ta yi yawa a kewayen San Antonio da kwarin Rio Grande. Ta uku white-tipped ce, ta can kudu sosai, ita kada ta wuce biyu cikin sha biyar ɗin. Abin da za a samu a hannunka gaba ɗaya, har da na firiza a masauki, kada ya wuce na kwana uku, wato 45, kuma ranar farko 15 ne kawai, ba a yin na safe daban na yamma daban.

Akwai wata babba mai baƙin zobe a ƙeya, Eurasian collared dove, baƙuwa ce a ƙasar, ba ta da iyaka ba ta da kaka, lasisi kawai. Ka bar mata gashinta har ka isa gida don jami'i ya gane ba ta cikin lissafi.

Hattara: 'yan ƙananan nan biyu, Inca dove mai zanen ɓawon kifi a jiki da ground dove mai guntuwar wutsiya, an hana taɓa su. Suna tashi ƙasa-ƙasa, fiffikensu da ja-ja. Abin da ba ka tantance ba, bar shi ya wuce.

9. A cikin gona

Ka isa da wuri, ka tsaya ka kalli ta inda suke shigowa. Suna da hanya: layin itatuwa, kusurwar gona, busasshiyar bishiya, gibin shinge. Da safe daga makwanci suke zuwa ci, da la'asar su koma ci su sha ruwa kafin su kwanta. Zauna a inuwa, rana a bayanka, ka bar tazara mai kyau tsakaninka da na kusa da kai, kuma ka san inda kowa yake. Motsi ne ke korar su fiye da launin riga, don haka kada ka miƙe sai ta shigo mita 25 zuwa 30.

Ɗora gindin bindiga a kafaɗa, kunci a jikin katako, ido biyu a kan tsuntsuwar ba kan bakin bindiga ba. Biyo ta daga baya, wuce ta, ka ja kunama hannunka na ci gaba da tafiya. Gabanta ake harbi, kamar yadda ɗan ƙwallo ke tura wa abokinsa ƙwallo inda zai isa ba inda yake ba. Kusan duk kuskuren sabon hannu a bayanta yake faɗawa, saboda ya tsayar da hannu lokacin da ya ja. In garke ya zo, zaɓi guda ɗaya. Mai harbin tsakiyar garke ba ya samun komai.

Hattara: ba a harbin tsuntsun da ya yi ƙasa. In ba ka ga sarari a ƙarƙashinta da bayanta ba, akwai mutum ko kare ko saniya a can. Za ka ji ana ihun a bar ta domin ta yi ƙasa, kai ma ka koyi yi wa wasu. Ba a harbin wadda ta sauka kan wayar lantarki, ba a harbi daga titi ko cikin mota, kuma kada dalmarka ta tsallaka gonar maƙwabci. In ana shan giya a wurin tun ana harbi, tattara ka matsa nesa ko ka tafi.

10. Bismillah, ɗauka da yanka

Malamanmu na Malikiyya sun halatta abin da aka harba da bindiga, in Musulmi ya ambaci sunan Allah lokacin harbin da niyyar farauta. Ka yi bismillah a kowane harbi, bakinka zai saba. Wadda ka tarar ta mutu ta halatta. Wadda ka tarar da sauran rai, ka yanka ta nan take, shi ya sa wuƙa take aljihu ba cikin mota ba. Abokan farautarka murɗe wuya suke yi, kai kada ka bi su. A Risala an ce farauta don wasa kawai makaruhi ce, saboda haka wanda ba zai ci ba kuma ba shi da wanda zai ba, ya zo kallo.

Da ta faɗi, kafe idonka a wurin, ka tafi kai tsaye, kada ka juya harbin wata. Launinta da na ƙasa ɗaya ne, ka ɗauke ido ka rasa ta, in ka daɗe kuma tururuwa sun riga ka. Doka ma ta wajabta ka yi iya ƙoƙarinka ka ɗauko, kuma mai rauni tana cikin lissafinka.

Hattara: kada ka zuba naka cikin tarin jama'a. Doka na son kowa ya riƙe nasa a ware har a isa gida, kada a ce wane ya cike wa wane, kuma in za ka ba wani sai da 'yar takarda mai sunanka da adireshi da sa hannu da adadi da kwanan wata. Kai kuma ta haka ne za ka san wadda aka yi wa bismillah. In ka ga zoben ƙarfe a ƙafar wata, ba laifi ka yi ba, masu bincike ne suka sa, ka shigar da lambar a shafin da aka rubuta a jiki. Kwanson harsashi kuma ka tsince su tas, shanu na haɗiya, kuma manomi na lura da wanda ya bar masa shara lokacin da zai yi gayyatar baɗi.

11. Gyara da gashi

Cikin wannan zafi nama ba ya jira. Kada ka bar su cikin aljihun riga ko leda a rana, sa su a inuwa su sha iska, sannan kula. Mutanen wurin ƙirji kawai suke cirewa: a tura babban yatsa ƙarƙashin ƙashin ƙirji, a ɗaga, a yanke fiffike, cikin daƙiƙu an gama. Ni ina ganin asara ce. Fige ta duka ba ya ɗaukar lokaci, gashinta da sauƙin fita ba sai da ruwan zafi ba, fatar kuma ita ke hana naman bushewa a wuta. Ka lalubo ƙwayoyin dalma ka cire, ka yanke inda ya taru da jini, musamman in yara ko mai juna biyu za su ci. Mai wannan damuwar ya sayi harsashin ƙarfe mai lamba 6 ko 7 tun farko.

Abincin al'adar ranar shi ne tsokar ƙirji da barkonon jalapeño da cuku, a naɗe da siririn naman alade a gasa. Ka faɗa wa mai masaukinka tun kafin ranar cewa ba ka ci, ka zo da naka siririn naman sa mai kitse, ka roƙi gefe guda na waya ko ka shimfiɗa takardar alminiyom. Ko kuma ka tafi da yajin ƙuli da man gyaɗa da tsinke, ka jera ƙirji uku-uku da albasa. Naman ja ne, ba shi da kitse, wuta mai ƙarfi yake so na ɗan lokaci, minti uku zuwa huɗu kowane gefe. Ya wuce haka ya zama hanta busasshiya. Waɗanda aka fige duka kuwa farfesu ya fi karɓar su, da citta da kanumfari da masoro, wuta kaɗan-kaɗan har sa'a guda, a lissafa uku ga kowane mutum. Ka ƙullo yajin da ɗan yawa, domin in tsiren ya sauka za a tambaye ka ko da saura.